Mai hoto, ka bar wa goggo fuskarta

Makon jiya aka aiko mini da hoton goggona daga Fakku, wanda aka ɗauka ranar bikin jikarta. Na jima ina kallo kafin in yarda ita ce. Yaron da ya gyara hoton ya goge tsagen gidanmu da ke kumatunta, ya share tamojin goshi, ya mai da baƙar tsohuwa fara sol kamar mai shafe-shafen bilicin. Da aka nuna mata, cewa ta yi, "Wagga ɗiyar wa ta?"

Ban ɗora wa yaron laifin duka ba, don sana'ar tana cikin matsi. Hoton fasfo ne abincin masu situdiyo a da, yanzu kuwa JAMB da masu rajistar NIN da kyamararsu suke ɗaukar mutum a wurin rajista. Kowane saurayi yana da waya. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kunna janareto don wanke hoto goma ya zama abin lissafi, ga tawada da takarda sai an yiwo saƙo daga Sakkwato ko Kano. Abin da ya rage shi ne biki, suna, saukar Alƙur'ani da fastocin 'yan takara. Idan amarya ta ce "a ƙara mini haske", da wuya mai neman na cefane ya ce a'a.

To amma farar fatar nan manhajojin waya irin su Remini da Snapseed suna yin ta kyauta cikin minti ɗaya. Wanda ya kafa shagonsa a kanta ya shiga gasa da wayar abokin cinikinsa, kuma shi ne zai faɗi. Gyaran da ya cancanci a biya shi ne daidaita haske don baƙar fata ta fito da sheƙinta, fitar da ainihin launin atamfa, cire ƙurjin da ya fito jiya ya baje gobe, da raya tsohon hoton kaka da ruwa ya ci. Abin da mutum zai shiga kabari da shi, a bar masa.

Akwai masu hoton da za a yi koyi da su. Malick Sidibé na Bamako mutanen unguwa ya riƙa ɗauka yadda suke, ya adana fina-finan hotunan a kwalaye shekara da shekaru, har ya karɓi babbar lambar yabo ta baje kolin Benis a 2007. A nan gida J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara hotuna kusan dubu. Tsage ma yana ƙarewa a ƙasar Hausa, don an kusa daina yi wa jarirai. Tsofaffin Kebbe da Tambuwal da ke ɗauke da shi suna cikin na ƙarshe, kuma abin yana yi mini zafi in ga ana goge shi da yatsa ɗaya.

Don haka ina roƙon masu wannan sana'a: ku ajiye hoton asali kafin ku taɓa shi, ku rubuta suna da gari da kwanan wata, ku kwafe shi wuri biyu. Duk wanda ya zo karɓa, ku nuna masa na asalin tare da wanda aka gyara. Ku kuma iyaye, in an kawo hoton da ba ku gane mai shi ba, ku mayar a sake wankewa.