Wakilin Gusau A Majalisa, Jiya Da Yau

Majalisar Dokokin Jihar Zamfara tana da wakilai 24. Daga cikinsu Gusau tana da biyu, Tsafe biyu, Bunguɗu biyu. Watau manomin da ke Magami, a bakin hanyar nan da ta tashi daga Gusau ta nufi Ɗansadau, yana da mutum guda wanda doka ta ɗora wa nauyin ya miƙe a zauren majalisa ya faɗi abin da ke damunsa. Abin da ke damunsa kuwa ba ɓoyayye ba ne, gama shekara da shekaru 'yan bindiga sun addabi wannan hanya da ƙauyukan da ke kewaye da ita. To, abin da muke so mu duba yau shi ne, wannan wakili wa yake ganin ya ba shi kujerarsa? Gama wanda ya ba mutum kujera, shi mutum ke jin tsoron ɓata wa rai.

Bari mu fara da wani wakili wanda Gusau ta sani sarai. Alhaji Ahmadu Bello ya fita Kwalejin Katsina cikin 1931, ya yi aikin malanta a Midil ta Sakkwato, sa'an nan aka naɗa shi hakimin Raba cikin 1934. Cikin 1938 aka ba shi sarautar Sardauna, aka aiko shi Gusau ya duba gundumomin gabas na ƙasar Sakkwato a madadin Sarkin Musulmi. A nan ya san haraji da jangali, ya san hakimai da dagatai, ya san kukan talaka. A nan ne kuma cikin 1943 aka tuhume shi a kan kuɗin jangali, aka yanke masa hukunci a Sakkwato, ya ɗaukaka ƙara, kotu a Zariya ta wanke shi. Sai cikin 1949 ya shiga Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa a Kaduna. Cikin 1952 ya zama minista, cikin 1954 ya zama Firimiya. Ke nan ya yi shekara 18 yana aikin jama'a kafin ya taka zauren majalisa.

Ba mu ce kome na wancan zamani daidai yake ba. Ba ƙuri'ar talakawa ce ta kai Sardauna majalisa cikin 1949 ba, ta hannun En'e ya shiga, kuma yawancin wakilan lokacin ma'aikatan En'e ne, albashinsu yana hannun sarakuna. Amma duk da haka, cikin watan Agusta 1950 wani malamin makaranta daga Bauchi, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya miƙe a wannan majalisa ya kawo batu cewa a gyara tsarin mulkin En'e, a ba talaka bakin magana. Maganar ta yi wa manya zafi ƙwarai, amma ta sa aka yi bincike, aka shiga gyare-gyare har aka kai ga Dokar En'e ta 1954. Wannan ya nuna abin da wakili guda ke iya yi in ya san ƙasarsa, ya kuma san bakin zaren maganarsa. Ko a Amurka ma majalisar jiha makaranta ce ta shugabanni. Abraham Lincoln ya zauna a majalisar jihar Illinois daga 1834 zuwa 1842, Barack Obama kuma daga 1997 zuwa 2004, kafin kowannensu ya shugabanci ƙasar.

Yanzu sai mu juyo ga Zamfara, wadda aka cire daga Jihar Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996. Cikin zaɓen 2019 jam'iyyar APC ce aka ce ta cinye kujerun jihar. Amma tun kafin zaɓe shugabanninta sun rabu, ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari daban, na Sanata Kabiru Marafa daban, har lokacin tsai da 'yan takara ya wuce ba su daidaita ba. Ran 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jam'iyyar ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta ce ba, saboda haka ƙuri'un da aka jefa mata sun tafi a banza. Waɗanda suka zo na biyu su suka hau kujeru, tun daga Gwamna Bello Matawalle na PDP har wakilan majalisa. Kotu doka ta bi, laifin na shugabannin jam'iyya ne. Amma abin da ya biyo baya shi ne abin lura.

Cikin watan Yuni 2021 Gwamna Matawalle ya koma APC, yawancin wakilan majalisa suka bi shi. Mataimakinsa, Mahdi Aliyu Gusau, ya ƙi bi, ran 23 ga Fabrairu 2022 majalisar ta tsige shi. Cikin 2023 jama'a suka juya suka zaɓi Dauda Lawal a ƙarƙashin PDP. Ba a cika shekara ba, cikin Fabrairu 2024, sabuwar majalisar ta dare biyu. Ɓangaren Shugaban Majalisa Bilyaminu Moriki ya dakatar da wakilai takwas, su kuma suka yi nasu zama, suka ce Bashar Aliyu Gummi ne shugabansu. An fi shekara guda ana wannan jayayya. Ba mu nufin mu raba musu gardama a nan. Abin da muka sani shi ne, duk ranar da aka rufe wa wakili ƙofar zaure, dubban mutanen da suka aiko shi aka rufe wa.

Duk wanda ya jera waɗannan al'amura zai ga inda ciwon yake. Takarar wakili tana hannun gwamna da manyan jam'iyya, kuɗin neman zaɓe daga gare su yake fitowa, kowa ya ci ladan kuturu kuwa sai ya yi masa aski. Alhali Tsarin Mulki na 1999 ya ba wakili iko mai yawa. Gwamna ba shi da ikon taɓa baitulmalin jiha sai majalisa ta yarda da kasafin kuɗi. Sashe na 128 ya ba ta ikon binciken yadda aka kashe kuɗin. Sashe na 104 ya wajabta mata zama na kwana 181 a shekara ko fiye. Sashe na 109 ya ce wakilin da ya bar jam'iyyar da ta tsai da shi ya rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ce ta rabu. Sashe na 110 kuma ya ba jama'a ikon yi wa wakili kiranye, in fiye da rabin masu rajista a mazaɓarsa suka sa hannu a takardar ƙara, sa'an nan hukumar zaɓe ta tambayi ra'ayinsu cikin kwana 90.

Doka dai ga ta nan a rubuce, masu aiki da ita ake nema. A nan ne nauyi ya hau kan malaman makaranta da akawuna, gama su ke iya karanta kasafin kuɗi su fassara wa jama'a. Ya kamata su nemi sanin nawa aka ware wa hanyar Magami, nawa aka ware wa makarantu da ɗakunan shan magani na Tsafe da Bunguɗu, sau nawa wakilinsu ya miƙe ya yi magana a kan tsaron ƙauyuka, kana su faɗa wa mutane a kasuwa da dandali. Ya kamata kuma su sa ido tun ranar da jam'iyyu ke tsai da 'yan takara, su tambayi kowane mai nema aikin da ya taɓa yi wa jama'a, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 2018 aka rage shekarun shiga majalisar jiha daga 30 zuwa 25, saboda haka ƙofa a buɗe take ga malamin da ya san garinsa, in yana da ƙarfin hali. Ran da wakili ya tabbata mutanen Magami suna riƙe da lissafin aikinsa, zai riƙa tuna su kafin ya ɗaga hannu a zaure. Allah ya ba mu wakilai masu riƙon amana, amin.