Ba Kowane Kullutun Gindin Cinya Ba Ne Kaluluwa

Sau da yawa akan aiko yaro tagarmu ta ba da magani, ya ce Mama ce ke fama da kaluluwa da murɗar ciki, a taimaka da ƙwaya. Mai karatu, idan kai aka aika, ka tsaya ka yi tambaya tukuna.

Akwai wani nau'in ƙaba da ke ɓullowa a gindin cinya, ta wata 'yar kafa da ke gefen manyan jijiyoyin jinin ƙafa. Ta fi kama mata, musamman masu shekaru da waɗanda suka yi haihuwa da yawa. Ƙarama ce, shi ya sa ake raina ta. Sai dai kafar matsattsiya ce, bakinta da tauri. Hanji in ya shiga ya maƙale, jini ya daina isa gare shi, cikin 'yan sa'o'i sai ya fara mutuwa. Idan kullutun ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga amai, ga kumburin ciki, babu bayan gida babu fitar iska, to maganar ta wuce kantin magani.

Diclofenac ko tramadol zafin kawai za su rufe, hanjin kuma na ci gaba da lalacewa. Maganin wankin ciki ya fi su muni. Kada a danna kullutun da ƙarfi, kada a ba ta ci ko sha. A tafi asibiti da kwalayen duk magungunan da take sha, musamman masu tsinka jini irin su warfarin da aspirin, da na sukari.

A asibitocin da ke da kayan aiki, ana yin wannan tiyata ta ƙananan huji, galibi uku. A hura cikin da iska, a zura kyamara, a janyo hanjin, a rufe kafar da raga. Ina ganin fa'idarta sosai: likita yana kallon hanjin da idonsa, ya ga ko launinsa ya dawo, majiyyaciya kuma takan tashi da wuri. In hanjin ya riga ya mutu, dole a yanke wurin, wani lokaci ma sai an buɗe cikin.

Amma ban yarda iyali su kwana suna neman asibiti mai kyamara a wani gari ba, alhali ga likitan fiɗa kusa da zai iya yin aikin a daren nan. Ku kai ta inda za a fi saurin shiga da ita ɗakin tiyata, ku bar wa likita zaɓin hanyar.