Makunnin tsaro na ta faɗuwa? Kada a ɗaure shi, a nemi dalili

 Damina ta kankama, kuma lokacinta ne ake yawan kukan cewa wutar gida na ɗaukewa alhali ta maƙwabta na nan. A je akwatin wuta a ɗaga makunni, bayan awa guda ya sake faɗuwa. Ga wanda ya cika firiza da kifi, ko uwargida mai sayar da ƙanƙara da zoɓo, wannan asarar jari ce. Amma makunnin nan da wuya ya faɗi haka kawai. Akwai abin da ya gani.

Da farko a duba wanne ne ya faɗi, domin iri biyu ne a akwatin. Ƙananan da ke jere, masu lamba irin 10, 16 ko 20, aikinsu tsare waya ne. Suna yanke wuta idan lodi ya yi wa layi yawa ko wayoyi biyu suka haɗu. Ɗayan kuma ya fi faɗi, yana da ɗan maɓalli mai harafin T, an rubuta 30mA a jikinsa. Wannan rai yake tsarewa. Yana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo; idan suka bambanta, to wani sashe ya zurare zuwa ƙasa, ta jikin ƙarfen firiza, ta bango mai laima, ko ta jikin mutum. Nan take sai ya yanke.

Idan mai lamba ne ya faɗi, lissafi ne. A wuta mai ƙarfin bolt 220, amfiya 10 tana ɗaukar wat 2,200 ne. Butar lantarki kaɗai na iya cin wat 2,000, dutsen guga ya haura 1,000. A haɗa su da firiza, ai dole ya faɗi. 'Yan'uwa da ke ƙasashen renon Faransa, irin su Kwaddibuwa, su tuna cewa babban makunnin da ke kusa da mita an saita shi ne daidai da amfiyar da aka yi rajista da kamfanin wuta, 5 ce ko 10 ko 15. Gidan da kayansa suka ƙaru, sai dai a raba lokacin kunna su ko a nemi ƙarin amfiya.

Idan mai harafin T ne, ga yadda ake farautar ɓarawon. A zare duk filogin gidan daga soket. A zare fa, kashe maɓallin soket bai isa ba, domin sau da yawa waya ɗaya yake yankewa, ɗayar tana nan haɗe, kuma ita ma tana iya jawo faɗuwar. Sannan a sauke ƙananan makunnan duka, a ɗaga babban, a riƙa ɗaga ƙananan ɗaya bayan ɗaya. Layin da ya kayar da shi alhali babu komai a jone, matsalar a wayar bango take: ɓera ya ci, ƙusa ta huda, ko ruwa ya shiga. Idan duk sun tsaya, a mayar da kayan ɗaya-ɗaya har mai laifin ya bayyana.

Waɗanda aka fi kamawa su ne masu haɗa zafi da ruwa: hita, buta, dutsen guga, injin wanki, injin jan ruwa, da tsohuwar firiza. Sai fitilar waje da soket ɗin tsakar gida da ruwan sama ke duka.

Wani lokaci gwajin ba ya nuna komai. To a samu takarda a riƙa rubuta lokacin da ya faɗi. Bayan ruwan sama ne? Da asuba lokacin raɓa? Daidai tashin injin firiza? Ko sa'ad da aka juya wuta zuwa janareta? Na ƙarshen yakan nuna kuskure a haɗin makunnin canji. Akwai kuma taron dangi: kwamfuta, talabijin, firij, kowanne na zubar da 'yar wuta kaɗan ko da lafiyarsa ƙalau. Makunnin 30mA na iya faɗuwa tun daga rabin wannan adadi, don haka babban gidan haya da aka ɗora wa makunni guda zai yi ta wahala. Maganinsa a raba layukan a ƙara wani.

Wannan takarda ita za a miƙa wa mai gyaran wuta, wanda ke da na'urar auna zubar wuta. Buɗe murfin akwatin aikinsa ne, ba na maigida ba. Amma duk mai gyaran da ya ce zai cire makunnin, ko ya tsallake shi da waya "don a huta", a sallame shi cikin mutunci. Zubar wutar tana nan, sai dai yanzu yaron da ya taɓa firiza da jiƙaƙƙen hannu, ƙafa ba takalmi, shi zai zama hanyarta zuwa ƙasa.

A riƙa danna maɓallin T bayan 'yan watanni. Ya kamata wuta ta ɗauke nan take. Idan ba ta ɗauke ba, makunnin ya mutu, a canja shi.

Allah Ya tsare mana iyali da dukiya. Sai mako mai zuwa.