Filat mai arha, kuɗin wata mai cin rai: mu daina sa hannu ido a rufe

Jama'ar Agege, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a zaurukanmu, kuma lokaci ya yi da za a ƙaryata ta a fili. Maganar ita ce wai idan mutum ya shiga ƙungiyar gama kai ya sayi filat a bene, shi ke nan ya rabu da biyan kuɗi har abada. Wallahi ba haka ba ne. Ka rabu da mai gida, amma ba ka rabu da ƙarshen wata ba.

Da 'yan kamasho zan fara, musamman namu na gida masu kawo wa ɗan'uwansu takarda suna cewa "Alhaji, sa hannu kawai, garaɓasa ce." Za su faɗa maka kuɗin filat, su faɗa maka kafin alƙalami, amma kuɗin wata-wata sai bakinsu ya mutu, don sun san idan ka ji shi za ka sake lissafi, la'adarsu ta sha ruwa. Ɓoye aibin haja ha'inci ne, ko a Abbatuwar Oko-Oba ko a ofis mai sanyi. Cinikin da mai saye bai san iyakar abin da ya ɗora wa wuyansa ba kuwa, shi ne malamai ke kira garari.

Kuɗin watan nan ba abu ɗaya ba ne. Akwai biyan bashin filat ɗin kansa, wanda yake da ranar ƙarewa. Akwai kuɗin hidima, wanda ake ce wa sabis caji: albashin masu gadi, man janareta, famfon burtsatse, kwasar shara, zuƙe sokawe, fitilar matakala. Wannan ba ya ƙarewa muddin ginin yana tsaye. Sannan akwai ajiyar babban gyara, saboda ranar da rufi zai yi yoyo ko tanki ya fashe. Na huɗu shi ne ya fi ɓuya: idan ƙungiyar bashin banki ta ci ta yi ginin, to kuɗin ruwan yana cikin abin da kake biya, ko an rubuta sunansa ko ba a rubuta ba. Ko lamunin gidaje na bankin FMBN, wanda ake yi wa kirarin sauƙi, kashi 6 cikin ɗari yake ɗauka. Mai gudun riba ya tambaya tun kafin ya ba da ko kwabo, ya kuma san cewa akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus. Duk wannan ban da harajin ƙasa da gini da gwamnatin Legas ke karɓa duk shekara.

Ga misali, don ɗan kasuwa lissafi yake ji. A ce bene mai filat 12 yana cin naira 360,000 a wata wajen hidima. Kowa 30,000 ke nan, wato 360,000 a shekara a kan mutum ɗaya, miliyan 3 da dubu 600 a shekara goma, in ma farashi bai motsa ba. Yaushe rabon farashi da tsayawa? Mun ga abin da ya biyo bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023. Mun ga yadda a Afrilun 2024 aka kai wutar 'yan rukunin Band A naira 225 kowane yunit. Wanda ya ce maka kuɗin hidima ba zai ƙaru ba, ko bai sani ba ne, ko yana so kada ka sani.

Yanzu sai mu juyo kanmu, don laifi tudu ne. Akwai 'yan'uwanmu da suka tare a irin waɗannan gidaje, sai su ƙeƙasa ƙasa su ce ba za su biya ba, wai gida nasu ne, wasu har da cewa kuɗin haramun ne. Malam, albashin mai gadi ba riba ba ne. Ruwan da iyalinka ke alwala da shi, wani ne ya sayi man da ya tura shi tanki. A misalin nan namu, idan mutum 3 suka ƙi biya, sauran 9 kowa zai ɗauki 40,000. Wato ka zura hannu aljihun maƙwabcinka duk wata, sannan ka zo sahun gaba. Kuma a garin da muke baƙi, mutum ɗaya ya yi haka, gobe sai a ce "Hausawa ba sa biya", a rufe wa 'ya'yanmu ƙofa.

Wani zai ce, ai shugabannin ƙungiyar cinye kuɗin suke yi. Wannan ƙorafi ne mai nauyi, kuma yana faruwa. Amma maganinsa neman lissafi, ba ƙin biya ba. Kai mamba ne, kana da ƙuri'a. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta bai wa ɗan haya ma haƙƙin karɓar rasit daban na kuɗin hidima, da bayani a rubuce aƙalla duk wata shida kan yadda aka kashe shi. In ɗan haya yana da wannan, mai filat zai kasa nema? Matsalarmu ita ce ba ma zuwa taron shekara. Muna kasuwa, wasu su yanke hukunci, mu dawo muna gunaguni a bakin masallaci.

Saboda haka kafin ka sa hannu, nemi takardar rajistar ƙungiyar da kundin dokokinta. Nemi lissafin shekarar da ta wuce. Tambayi wa ke da ikon ƙara kuɗi, kuma da ƙuri'a nawa. Tambayi abin da zai faru idan ka yi jinkirin wata uku: tara ce, yanke ruwa ne, ko ƙwace filat? Tambayi ko mai sayar maka ya bar bashin hidima a baya, da kuma abin da magadanka za su tarar. Ka kai wa lauya ya karanta maka. Kuɗinsa bai kai asarar shekara ɗaya ba.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Mu da muka karanta wannan tun muna yara bai kamata a same mu muna cinikin miliyoyi da "ai na yarda da shi" ba. Allah Ya ba mu muhalli mai albarka, Ya raba mu da bashin da ba mu san da shi ba.