Sallar Nowel a Arewa: wa zai kai kwanon maƙwabta?

Idan watan Disamba ya kama, ɗari ya sauko Dallol Mawri, an gama ɗaurin hatsi, rumbuna sun karɓi abin da damina ta bayar. Ranar 18 ga wata ake bukin Jamhuriya. Bayan kwana bakwai, ranar 25, sai sallar Nowel, wadda ita ma ranar hutu ce ga ma'aikata a duk faɗin ƙasa. Kiristocin Nijar ba su da yawa, ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Amma sun daɗe: 'yan mishan sun zauna Damagaram tun 1924, Katolika suka kafa a Yamai a 1931, daga bisani aka gina majami'u a Dogon Dutsi. A yankin Matankari, tsohon mazaunin sarautar Arewa, ba abin mamaki ba ne a tarar da dangi guda ya ƙunshi musulmi da kirista da mai riƙe da al'adar kakanni, dukansu jikokin mutum ɗaya.

Lokacin da yara suke ƙanana, Nowel wahala ce mai daɗi ga uwaye. Maigida ya sayar da wake ko ɗan akuya, ya kai yadi wurin tela, ya yi ta zirga-zirga har daren salla. Uwargida ta tashi tun asuba, ta aza tukunyar shinkafa, a yanka zabi. Ana saukowa daga majami'a sai a jera kwanoni, a kira yara ɗaya bayan ɗaya: wannan na gidan liman ne, wannan na gidan baffa, wancan na tsohuwar bakin rijiya. Yaro ya ɗauka bisa kai, ya yi sallama, ya durƙusa, a sa masa albarka, a ba shi dala biyar ta barka da salla. Ranar Layya kuma naman waɗancan gidaje ya biyo wannan hanya ya dawo. Babu wanda ya kira wannan aiki darasi, amma a nan yaron ya koyi ƙofar kowane gida da sunan kowane dattijo.

Sannu a hankali yaran lakwal sun zama 'yan kwaleji a Dutsi, wasu sun wuce Doso, wasu jami'ar Yamai. Hutun ƙarshen shekara kan dawo da su, amma da wani hali. Yadin da uba ya zaɓa bai yi musu ba, hirar dare wurin abokai take, ɗaukar kwano kuwa sai a tura ƙane. Uwaye kan yi gunaguni, alhali wannan ba hasara ba ce: girma ne, kuma shi suka roƙa.

Babban canji yakan zo ran da autan gida ya tafi. Ɗaya yana aiki Yamai, ɗaya ta yi aure Maraɗi, ɗaya ya tafi biɗa Kwatano ko Abijan. Yanzu su ne ke aiko da kuɗin salla, jikka goma ko ashirin, su buga waya su ce barka. Uwa ta saba da babbar tukunya, ita za ta aza. Abinci ya nuna, kwanoni sun cika, babu ƙafar da za ta kai su. Bana an kai gida biyar, baɗi uku, har a wayi gari maƙwabci bai san an yi salla ba.

A nan ne maganar ta wuce ta kewar uwa da uba, ta zama ta gari baki ɗaya. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, an yi hasarar rayuka. A cikin wannan tashin hankali an sami musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu kiristoci cikin gidajensu. Irin wannan amana ba a rana ɗaya ake gina ta ba. Mutum ba ya ɗaga hannu kan gidan da ya ci tuwonsa tun yana yaro.

Gaskiya ne, ba kowane ɗa ke iya zuwa ba. Kuɗin mota sun yi tsada, ma'aikaci ba kullum yake samun izini ba, rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023 kuma ya tsananta wa matafiyan kudu. Wanda ya aiko da guminsa ya kyauta, bai cancanci zargi ba. Amma wanda ke Yamai ko Doso, tafiyar da ba ta kai wuni ba, hujjarsa ba ta da ƙarfi. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. In shi aiki ya riƙe shi, ya turo 'ya'yansa su yi hutu wurin kakanni, su ɗauki kwanon da ubansu ya ɗauka, su san gidajen da ya sani.

Su ma uwaye akwai nasu nauyi. Kada su auna ƙaunar ɗa da yawan abin da ya aiko, kada su mai da salla gasa tsakanin 'yan'uwa, wanda ya samu da wanda bai samu ba. Su tuna ɗan nan yanzu maigida ne, shi ma yana da tela da zai biya. In jikoki ba su zo ba, ɗa na kowa ne: a kira yaran maƙwabta su kai abincin. In babu, dattijo ya ɗauki sandarsa ya kai gaisuwa da kansa, ba abin kunya ba ne.

Wannan magana ba ta gidajen kirista kaɗai ba ce. Duk gidan Arewa da 'ya'yansa suka watse ya san wannan shirun ranar ƙaramar salla da ranar Layya. Allah ya raya zuriya, ya dawo da matafiya lafiya, ya bar zumunci tsakanin maƙwabta.