Kafin ki saya wa kowane yaro nasa kifin beta



Hutun ƙarshen shekara ya matso, kuma a irin wannan lokaci ne yara ke tasa mu a gaba da roƙon a saya musu kifin ado. Wanda ya fi ɗaukar musu ido shi ne ɗan ƙaramin nan mai jela kamar an baza gyale, ja ko shuɗi ko ruwan goro, wanda ake jerawa a shago cikin 'yan kofuna da kwalabe. Sunansa beta. Uwa mai 'ya'ya uku ta san in ta sayi ɗaya ta sayo wa kanta rigima, don haka sai ta ce a ba ta uku, a haɗa mata da kwanon gilashi guda a zuba su ciki. Kafin sati ya zagayo an fara kuka a gidan, domin ɗaya ya mutu, ɗaya jelarsa ta yage, yara kuma suna zargin juna.

Asalin wannan kifi ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta irin su Kambodiya da Biyetnam, inda yake zaune a gonakin shinkafa da fadamu masu ruwa mara zurfi. Turawa na kiransa kifin faɗa na Siyam, wato tsohon sunan Tailan, saboda mutanen can sun daɗe suna kiwonsa suna haɗa shi faɗa ana caca a kai. A 2019 gwamnatin ƙasar ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Waɗanda kike gani a shago masu doguwar jela da kala mai sheƙi, yawancinsu maza ne, kuma namijin beta ba ya yarda da wani namijin a ruwansa. A fadama wanda aka fi ƙarfi yakan gudu ya shige cikin ciyawa, faɗa ya ƙare. A cikin gilashi babu inda zai gudu. Za su yi ta yagar juna, ciwon ya ruɓe, ko kuma fargaba kaɗai ta hana na ƙasa cin abinci har ya mutu.

Saboda haka in kin sayi maza uku, ɗaki uku za ki tanada. Haɗa namiji da mace ma ba mafita ba ce, domin in ba lokacin ƙwai ba ne zai yi ta korarta yana cizo. Masu kiwo sukan haɗa mata zalla, biyar ko fiye, a tanki mai lita 75 zuwa sama cike da tsirrai da wuraren ɓuya, amma ko a hannunsu abin kan watse. Ban ba mai farawa shawarar ta gwada ba.

To, me ya sa ake ajiye shi a kofi kuma bai mutu ba? Allah ya yi masa wata gaɓa a cikin kai da yake shaƙar iska da ita kai tsaye daga saman ruwa. Shi ya sa yake jure ruwan da wani kifin zai shaƙe a ciki, amma fa cikin wahala yake yin juriyar. Wanda aka kula da shi yakan yi shekara 2 zuwa 4, na kofi kuwa sau da yawa watanni kawai yake yi. Kowane beta ɗaya yana buƙatar ruwa kamar lita 20, wato kusan cikin jarka guda.

Hanya biyu ce a gabanki. Ko ki sayi ƙananan tankuna uku, kowanne da hitarsa da filtarsa, ki sa kwali a tsakaninsu don kada su riƙa ganin juna suna kumbura wuni guda. Ko ki sayi dogon tanki ɗaya mai lita 60, ki raba shi gida uku da shinge biyu. A yanayin wutarmu, ni na fi karkata ga dogon tankin, dalili kuwa ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa in an ɗauke wuta, kuma hita ɗaya za ki ciyar ba uku ba. Sai dai shingen ya zama wanda ba a gani ta cikinsa, mai ƙananan huji da ruwa zai ratsa, ya matse jikin gilashi ta kowane gefe, ya kuma kai har murfi. Beta gwanin tsalle ne, kuma ɗan tazarar da kika raina ta ishe shi ya faɗa ɗakin maƙwabcinsa cikin dare.

Dogon tanki yana da aibi ɗaya da duk mai aikin asibiti za ta gane nan take. Ruwansu ɗaya ne, don haka cutar ɗaya ta kowa ce. In kika ga fararen ɗige kamar gishiri a jikin ɗaya, ko bakin jelarsa yana zagwanyewa, to ki ɗauka sauran ma sun shaƙa. Ki ajiye wata ƙaramar roba mai tsabta, wadda ba ta taɓa ganin omo ba, a matsayin ɗakin jinya. Sabon kifi ma a can zai fara zama na aƙalla sati biyu kafin ki sa shi cikin tankin.

Yanzu batun ɗumi, inda aka fi yin sakaci da cewa ai ƙasarmu ƙasar zafi ce. Beta yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28, kuma ya zauna a haka ba hawa da sauka. Jikin kifi ba ya ɗumama kansa kamar namu, zafin ruwan shi ne zafin jikinsa. A tsakiyar hunturu, watan Disamba da Janairu, sanyin asuba a Kano da Zariya yakan sauka ƙasa da digiri 15, balle a Jos. Ruwan ɗan kwano yana bin iskar ɗaki cikin 'yan awoyi. Kifin sai ya lafe a ƙasa, ya naɗe jela, ya daina cin abinci, garkuwar jikinsa ta yi rauni, cututtukan da na ambata su samu ƙofa. Ɗakin da ake kunna esi kuwa, ko a watan Afrilu hunturu ne a wurin kifi.

Hitar da ake nufi ita ce ta tankin kifi, mai kashe kanta in ruwa ya kai zafin da aka saita, ba hitar dafa ruwan wanka ba. Don Allah kar a kuskura a gwada waccan. Lissafin da ake bi shi ne kusan wat ɗaya ga kowace lita: wat 25 ga tankin lita 20, wat 50 zuwa 75 ga mai lita 60. Ki saita ta a 26. A rababben tanki ki sa ta a ɗakin tsakiya kusa da inda ruwa ke motsi, sannan ki liƙa ma'aunin zafi a kowane ƙarshe, domin in hujin shingen sun toshe da gansakuka, ɗaya zai sha ɗumi ɗaya yana rawar sanyi. Ki ba yara aikin duba ma'aunin safe da yamma, suna son irin wannan.

In an ɗauke wuta a daren sanyi, ki lulluɓe tankin da bargo ki bar ɗan wurin da iska za ta shiga, tunda kin san daga sama yake numfashi. In daren ya yi tsawo, ki zuba ruwan ɗumi a gora ki rufe ta sosai ki sa ta yi iyo a ciki. Kar ki tsiyaya ruwan zafi kai tsaye, canji na farat ɗaya ya fi sanyin kansa illa. Da bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ki janye tankin daga taga, ki sa murfin raga, ki bar fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan. Ban da jefa ƙanƙara.

Filta kuma, mutane na ɗauka aikinta tace datti ne don ruwa ya yi garau. Babban aikinta ba ya ganuwa. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, guba ce mai ƙona masa wurin numfashi ko da ruwan yana ƙyalli. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke zama a jikin filta suna mayar da ita abin da bai kai ta illa ba, kuma sukan ɗauki sati 4 zuwa 6 kafin su kafu a sabon tanki. Wannan ne ya sa kifi ke yawan mutuwa a watan farko. In za ki iya, ki haɗa tankin ki kunna filtar, kina ɗan jefa ƙwayar abincin kifi a ciki, makonni kafin kifin ya iso. In kuwa ya riga ya shigo gida, ki riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk bayan kwana biyu har wata guda, daga nan sau ɗaya a mako.

Wadda ta fi dacewa ita ce filtar soso, wadda ɗan injin hura iska ke tuƙawa. Ba ta tura ruwa da ƙarfi, shi kuwa beta da wannan doguwar jela ba ya iya kokawa da igiyar ruwa. Inji ɗaya zai iya ɗaukar soso uku in an raba masa tiyo, ko tankunan daban suke. Akwai ma ƙananan injuna da ake jonawa da pawa bank, kuma da yake soson a cikin ruwan tankin yake zaune, ƙwayoyinsa sun fi jure ɗaukewar wuta. In ya yi datti ki matse shi a cikin tsohon ruwan da kika kwaso daga tankin. Wanke shi da sabulu ko a bakin famfo yana kashe ƙwayoyin da kika yi wata guda kina jira. Ruwan famfo mai kulorin sai an ɗiga masa maganin cire kulorin da ake sayarwa a shagon kifin. Abinci kuwa ƙwaya 2 zuwa 3 sau biyu a rana ta isa, kuma mutum ɗaya ne zai riƙa bayarwa, in ba haka ba kowane yaro zai zuba nasa a ɓoye. Ba a ba shi burodi ko tuwo, mai cin ƙwari ne.

Saura lafiyar 'yan gidan. Ruwa da lantarki sun haɗu a wuri ɗaya a gidan da ke da yara, don haka soket ya kasance sama da ƙasa, wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau zuwa soket, yadda ɗigon ruwa zai faɗi ƙasa maimakon ya bi ta ya shiga. Ki zare hita kafin ki rage ruwa, domin ta gilashi takan fashe in ta yi zafi a busasshe. Lita 60 na ruwa kilo 60 ne ban da gilashi da tsakuwa, ya zama teburin mai ƙarfi ne wanda mai tatata ba zai jawo ba. Bokitin canjin ruwa kada a bar shi cike a tsakar ɗaki ko na minti biyu in akwai mai rarrafe, yara kan faɗa da ka su kasa fitowa. Wanda kika ajiye don gobe ki rufe shi, kada ya zama gidan sauro.

Ruwan tankin kifi yakan ɗauki salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi, don haka ba a zubar da shi inda ake wanke kwanuka, yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ba ya sa hannu a ciki, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa. Akwai kuma wata ƙwayar cuta, 'yar'uwar ta tarin fuka, da ke shiga ta yanka ko tsagewar fata, kuma kin san yadda hunturu ke tsattsaga mana hannu. Ki sa safar roba in kina da rauni. In wani ƙurji ja mai tauri ya fito miki a yatsa ko bayan hannu makonni bayan wankin tanki, ya ƙi jin maganin shafawa, ki je asibiti, kuma ki faɗa wa likita da bakinki cewa kina kiwon kifi a gida, domin ba kowa ne zai tuna ya tambaya ba.