Raddi ga masu cewa cefane ma kishin ƙasa ne

Ranar 27 ga Satumba 2001, kwana 16 bayan harin da ya rushe tagwayen benaye na New York, Shugaba George W. Bush ya tsaya a filin jirgin sama na O'Hare da ke Chicago, ya shawarci Amurkawa su hau jirgi, su kwashi iyalansu su tafi Disney World a Florida su shaƙata. Magajin garin New York, Rudy Giuliani, shi ma ya yi ta kiran jama'a su shigo birnin su ci abinci, su kalli wasanni, su kashe kuɗi. Kamfanin General Motors ya bi sahu da tallar mota bashi ba tare da kuɗin ruwa ba. Tun daga nan aka samu masu kare wannan kira, waɗanda har yau suke cewa ɗan ƙasa da ya shiga kanti a lokacin yaƙi ya sauke nauyin ƙasarsa. Hujjojinsu sun cancanci a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Hujjar farko ita ce mafi ƙarfi. Suna cewa kusan kashi biyu cikin uku na tattalin arzikin Amurka daga sayayyar jama'a yake fitowa, kuma tun watan Maris na 2001 arzikin ya soma ja da baya. In mutane suka ƙulle aljihu don tsoro, ma'aikata ne za su rasa abincinsu. Lissafin daidai ne, amma ba shi ya ceci kamfanonin da harin ya fi taɓawa ba. Kafin Bush ya isa Chicago, majalisa ta riga ta amince da tallafin dala biliyan 15 ga kamfanonin jiragen sama: biliyan 5 kuɗi hannu, biliyan 10 lamunin bashi. Babban bankin ƙasar kuma ya rage kuɗin ruwa sau 11 a shekarar. Baitulmali da babban banki ne suka ɗauki kayan, mai yawon buɗe ido ya zo daga baya.

Suna kuma cewa fitowa kasuwa nuna wa 'yan ta'adda ne cewa ba a ji tsoronsu ba. Wannan gaskiya ce ta mako biyu ko uku. Yaƙin Afganistan shekara 20 ya yi, kuma a Disamban 2006, lokacin da jini ke kwarara a Iraƙi, Bush ya sake ƙarfafa wa mutane gwiwa su ƙara yin sayayya. Babu mai cewa a 2006 tsoron fita ne ya hana wani zuwa kanti.

Inda suka fi yin ƙarfin hali shi ne jingina maganar ga masanin tattalin arziki John Maynard Keynes, wanda ya koyar cewa kashe kuɗi kan tayar da arzikin da ya kwanta. Keynes ɗin da kansa, da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ya wallafa ɗan littafi a 1940 kan yadda Ingila za ta biya kuɗin yaƙi, kuma shawararsa ita ce a tilasta wa ma'aikata ajiye wani kaso na albashinsu sai bayan yaƙi. Amurka ma ta taƙaita sayayyar jama'a a zamanin Shugaba Franklin Roosevelt. A Fabrairun 1942 aka daina ƙera motocin farar hula, masana'antun Detroit suka koma tankoki da jirage. A watan Mayu aka soma raba sukari da kati. Uwargida kan je kanti da ɗan littafin tikiti, mai kanti ya yage ɗaya kafin ya auna mata, in tikitin ya ƙare kuɗinta ba su da amfani. Kofi da man fetur da nama suka biyo baya. Mutane kimanin miliyan 85 suka sayi takardun lamunin yaƙi na kusan dala biliyan 185. Masu biyan harajin kuɗin shiga, waɗanda ba su wuce miliyan 4 ba a 1939, suka haura miliyan 40 a 1945, kuma harajin manyan masu kuɗi ya kai kashi 94 cikin ɗari a kan abin da ya haura wani mataki. Shugaba Harry Truman ya ƙara haraji don yaƙin Koriya. Shugaba Lyndon Johnson, duk da jan ƙafar da ya yi, ya ɗora ƙarin kashi 10 cikin ɗari a 1968 saboda Biyetnam.

Amsarsu a nan ita ce zamani ya bambanta: a 1942 kaya ne suka yi ƙaranci, a 2001 masu saye ne. Wannan ya bayyana abin da ya sa ba a raba sukari da kati ba a 2001. Bai bayyana abin da ya sa aka rage haraji a watan Mayun 2003 ba, wata biyu kacal bayan sojoji sun shiga Iraƙi, alhali an riga an yi wani babban ragin a 2001. Yaƙi biyu aka yi da bashi. Bashin gwamnati ya tashi daga dala tiriliyan 5.8 a 2001 zuwa tiriliyan 10 a 2008, kuma waɗanda za su biya wasunsu ba a haife su ba lokacin jawabin O'Hare.

Saura hujja ta ƙarshe, wadda ba su cika faɗa da ƙarfi ba: wai tunda sojan sa kai ake da shi, babu abin da ake buƙata daga farar hula. Tun 1973 Amurka ta daina ɗaukar soja dole, kuma masu kaki ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na jama'a ba. Wannan ƙaramin rukuni aka yi ta mayarwa fagen daga sau biyu, sau uku, wasu ma aka hana su barin aiki bayan wa'adinsu ya cika. A Disamban 2004, a wani sansani da ke Kuwait, wani soja ya miƙe ya tambayi Sakataren Tsaro Donald Rumsfeld dalilin da ya sa suke tonon juji suna neman tarkacen ƙarfe don liƙa wa motocinsu sulke. Rumsfeld ya ce da sojan da kake da shi ake tafiya yaƙi, ba wanda kake fata ba. A wannan watan kantunan ƙasar cike suke da masu cefanen Kirsimeti.

Nan ne ainihin illar take. Mutumin da aka yanki harajin yaƙi daga albashinsa, ko aka ɗauki ɗansa, yakan tambayi ina aka dosa kuma yaushe za a gama, kuma irin wannan tambaya ce ta hana Johnson sake neman kujerarsa a 1968. Wanda aka ce masa aikinsa shi ne ya sayi mota ba shi da dalilin tambaya. Kiran na 2001 ya taimaki dillalan motoci na wasu watanni, amma ya sallami ɗan ƙasa daga sa ido kan yaƙin da ake yi da sunansa. Sojojin Amurka sama da 4,400 suka mutu a Iraƙi, sama da 2,400 a Afganistan, kuma ba a taɓa ɗora wa jama'a harajin yaƙi ko na dala ɗaya ba.